Shekarar da Na Amsa Sunan Gwaggo Hajara

Na san abin da ake faɗa a kaina a cikin dangi, domin ƙafafuna ne suka gaji, kunnena yana nan garau. Wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni a shekarar da aka dawo da yayanku daga Amurka. Wasu kuma, waɗanda suka fi ni buɗe littafi, sun ce ƙarya na yi ta yi wa marar lafiya har ya koma ga Ubangijinsa. Kwanan baya 'yarsa Maryam da ke can ƙetare ta tambayi ƙanensa Nasiru ta waya yadda babanta ya ƙare, shi kuwa Nasiru ya yi ta kame-kame kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. To, a bar kame-kame. Ni na zauna a ɗakin, ni zan faɗa. Wanda zai fassara wa yarinyar nan ya fassara yadda na rubuta, ban yarda a zuba masa sukari ba.

Ban cika shekara ashirin ba na haifi yayan naku, a wannan gida namu na Ƙofar Jatau. Ku yaran yanzu da kuke ɗaga 'ya'yanku sama kuna sumbata a gaban surukai, ba za ku gane ba, amma a zamaninmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ko nono za ta ba shi sai ta kawar da kai kamar an sa ta dole. Ranar da aka yaye shi, Gwaggo Hajara, yayar babanku wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya shi ta tsallaka da shi sashenta, can bayan rijiya. Daga ranar ita ce Innarsa. Ni kuma da ya fara magana sai ya ji yaran makarantar firamaren da nake koyarwa suna ce mini Malama, shi ma ya ɗauka. Kada wanda ya ce mini zalunci aka yi. Ba wanda ya ƙwace shi, haka na ga uwata ta yi da yayana, kuma Gwaggo ta riƙe shi riƙon da ni ban isa in yi ba. Abin da kawai ba a gaya wa yarinya shi ne, tsakar gida ɗaya ce. Kullum yana wucewa ta ƙofar ɗakina, ya rusuna ya ce, “Ina kwana, Malama,” ni kuma in amsa ina kallon tsintsiya.

Gudu kuwa da shi aka haife shi. Gwaggo takan ɗora ruwan tuwo ta aike shi sayen daddawa wajen Ƙofar Gayan, kafin ruwan ya tafasa ya dawo yana haki yana dariya. A kan tsohuwar ganuwa yake tsere da yaran unguwa, inda akuya ma sai ta duba kafin ta taka. Da ya shiga sakandare sai ya zama duk gasar da aka yi shi ne a gaba. Wani Ba'amurke da ke koyarwa a nan Zariya ya gan shi a fili, ya bi shi har zaure, ya zauna da babanku, ya ce akwai kwalejin da za ta ɗauke shi karatu kyauta muddin zai yi mata gudu. Babanku ma'aikacin gwamnati ne mai son boko, bai yi dogon tunani ba. Gwaggo ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ni ba a tambaye ni ba, kuma da an tambaye ni da na ce a tambayi uwarsa. Ranar tafiya ya zo bakin ƙofata da jakarsa ya ce, “Malama, zan tafi.” Na ce Allah Ya kiyaye hanya, na ci gaba da tsintar shinkafa.

Da sunan gudu ya tafi, amma can sai wani koci, mai horar da 'yan wasa, ya dubi faɗin kafaɗarsa ya ce wannan ya fi ƙarfin tsere, ya ja shi cikin ƙwallonsu ta Amurka. Mu nan da muka ji ƙwallo, mun ɗauka irin wadda yara ke bugawa da ƙafa ce a filin makaranta. Sai da ya aiko da kaset ɗin bidiyo. Aka aro talabijin aka kafa a tsakar gida, maza suka zauna a gaba, Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta a tsakiya kamar mai biki, ni kuwa ina ɗaki ina leƙe ta labule. Inna lillahi! Ƙwallon ma ba ta da zagaye, kamar gwanda take. Ƙattai ne jibga-jibga, kowa da hular kwano da kafaɗu kamar an cusa masa matashi, su jeru su sunkuya suna fuskantar juna. Nasiru, yana ɗan sakandare lokacin, shi ya nuna mana lambar da ke bayan rigar yayansa. Yana tsaye a bayan sahu. Da an ce kule, sai wani ya juyo ya danna masa ƙwallon a ciki, shi kuma ya rungume ta ya sunkuyar da kai ya nufi tsakiyar ƙattan nan. Wani lokaci ya sulale ya fita, fili ya ɗauki ihu. Sau da yawa kuma su haɗu su danne shi, har ba a ganin komai nasa sai takalmi.

Gwaggo ta miƙe tsaye tana nuna talabijin da carbi.

“Ku ɗaga mini shi, 'yan banza! Ku ɗaga shi! Wa ya ce muku ba shi da kowa?”

Maza suka yi ta dariya. Ni kuwa da aka watse na ga na tauna bakin mayafina har ya huje.

Sau ɗaya ya zo hutu a shekarun wasansa. Ya zama ƙato, wuyansa ya yi kauri har hular babanku ta zama abin dariya a kansa. Yana zaune a ƙofar Gwaggo yana shan fura, ni ina wanke-wanke a bakin rijiya, na ji tana tuhumarsa, wai wane irin karatu ne wannan da ake taron dangi a kan mutum ɗaya.

Ya ce, “Inna, aikina ɗaya ne. A ba ni ƙwallo, in nemi kafa ko da ta kai faɗin tafin hannu ce, in kutsa. Kuma ko za a karya ni, kada in sake ta. Na taɓa sakinta sau ɗaya, koci ya sa na yi ta yawo da ita a hammata, aji da ɗakin cin abinci da makewayi, duk wanda ya gan ni ya kai mata duka. Tun daga nan ko barci nake hannuna a naɗe yake.”

Gwaggo ta ce, “To kan naka fa? Na ga ana gwara shi kamar na rago.”

Ya yi dariya. “Wani lokaci sai ka ga wuta ta ɗauke. Su shaƙa maka wani abu mai yaji, su ɗaga yatsu su ce nawa ne. In ka faɗa daidai, ka koma fili.”

“In ba ka faɗa daidai ba fa?”

“Sai ka yi ƙoƙari ka canka, Inna. Akwai wani a benci yana jiran wurinka.”

Tukunyar da nake wankewa ta suɓuce ta faɗa cikin kwatami. Ba wanda ya waiwayo.

Ya yi suna a kwalejinsu, har hotonsa ya fito a jaridar garin, ana cewa manyan ƙungiyoyi masu biyan albashi sun fara zuwa kallonsa. A shekararsa ta ƙarshe aka taka masa gwiwa ta juya baya, shi ke nan, masu zuwa kallo suka koma kallon wani. Ya gama karatunsa dai, ya samu aikin horar da yara a wata sakandare, ya auri uwar Maryam, ya yi zamansa. Babanku ya rasu, Gwaggo ta bi bayansa, duka ya zo ya yi gaisuwa ya koma da hankalinsa. Daga baya ne labarai suka fara canzawa. Ya bar aikin makaranta saboda ya ɗaga wa wani yaro murya har aka ji tsoro. Ya koma tuƙin motar kai kaya, ita ma aka karɓe, don yakan tsaya a tsakiyar titi ya rasa inda za shi. Auren ya mutu. Ban ga laifin matar ba ko kaɗan, ita ce ma ta nemo lambar Nasiru tana kuka, ta ce ku zo ku ɗauki ɗan'uwanku kafin a tsince shi a gefen hanya.

Farkon damina Nasiru ya sauka da shi. Mutumin da bai kai hamsin ba, ga furfura, ga ɗingishi, idanunsa suna bin bango kamar baƙon da ke neman ƙofa. Likita ya duba hoton kansa ya ce gwaruwar da ya sha shekara da shekaru ce ta taru ta cinye ƙwaƙwalwar, ba ta da magani, sai dai lallashi. Aka taru a falon Nasiru don a san yadda za a yi. Nasiru ya ce akwai asibiti a Kaduna da ake ajiye irinsu. Alhaji Sani, ƙanen babanku, ya ce shi bai yarda da zancen hoto ba, a kawo masu ruƙiyya. Ƙanwarsa Hadiza ta ce da ta ɗauke shi, amma gidanta da ƙananan yara, kuma an ce yana da fushi. Kowa ya faɗi tasa, ba wanda ya dubi inda nake, domin a al'ada ba ni da baki a maganar wannan yaro. Na bari suka gaji, sannan na ce a share ɗakin Gwaggo a sa shi, ni zan kwashe kayana in koma sashen.

Alhaji Sani ya gyara hula.

“Malama, ɗan fari ne fa. Me mutane za su ce?”

Na ce, “Alhaji, mutanen da nake jin kunya duk suna maƙabarta. Waɗanda suka rage, in sun ga ba daidai ba, su zo su karɓi wankin.”

Ba wanda ya zo karɓa.

Na ɗauka da na yanke wannan shawara na gama da mai wuya. Ashe kunyar ba a wajena kaɗai take ba, shi ma an shuka masa ita, kuma duk abin da ciwon ya share bai share ta ba. Da na shiga da kwanon tuwo sai ya yi zumbur ya miƙe a kan gurguwar gwiwarsa, ya sunkuyar da kai.

“Sannu da zuwa, Malama. Ai da kin bari Inna ta kawo.”

Ba zai ci a gabana ba. In na fita, ya manta da abincin. In na kai hannu zan gyara masa riga, ya ja da baya yana ba ni haƙuri. Nasiru na zuwa da yamma ya yi masa wanka da faɗa da kokawa, ya tura masa 'yan lomomi, amma Nasiru yana da ofis da iyali. Kullum tambayar ɗaya ce, ina Inna, ta tafi unguwa ne, yaushe za ta dawo. Ina kallo wuyan nan mai kauri ya fara zama igiya. Rannan da hantsi haƙurina ya ƙare, ni kuma kun san ni, ban iya kewaye-kewaye ba, na yi shekara talatin ina gaya wa yara amsa daidai ce ko kuskure. Na ce masa, “Kai, Gwaggo ta rasu. Kai da kanka ka zo ka yi gaisuwa. Ka ci abinci.”

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye harshena. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ƙarar wanda yanzun nan aka gaya masa. Ya sunkuci butar alwala ya danna ta a hammata, ya bangaje ni ya fita. An yi ruwa da asuba, lunguna duk caɓi. Samarin da ke zaune a bakin shagon tela suka taso za su tare shi, ya yi kamar zai bi dama, suka bi dama, ya bi hagu. Wani ya cafko rigarsa, ya juya ya bar masa ita a hannu. Tela ya rantse mini bai taɓa ganin gurgu ya yi irin wannan gudu ba. Ni ina biye ba takalmi, tsohuwa da ni, ina ihu a tare shi, kuma ko a lokacin ba sunansa nake kira ba, “yaron nan” nake cewa. A gindin ganuwa aka same shi a zube, gwiwar ta kumbura ta yi suntum, butar na ƙirjinsa, sai da mutum uku suka ɓamɓare yatsunsa. Aka ɗauko shi a kan babur. Washegari da safe na shiga, ya yunƙura zai miƙe ya kasa, ya ce, “Ina kwana, Malama. Ina Inna?”

Abin da ya faru bayan nan ban shirya shi ba, duk wanda ya ce na shirya ya ji tsoron Allah. Ruwa aka kwana biyu ana yi, zannuwana duk suna kan igiya a jiƙe. Na buɗe tsohuwar adakar Gwaggo na ciro wani zanen saƙi baƙi da ta fi so, na yafa har ka, don ina jin sanyi. Zanen yana nan da ƙanshinta, kanumfari da hayaƙin turaren wuta. Na dama kunun tsamiya na shiga da shi, hasken ƙofa yana bayana. Yana kwance fuskarsa ga bango. Ya ja numfashi, ya juyo a hankali, sai na ga fuskar nan ta buɗe kamar ta yaron goye.

“Inna! Ina kika shiga? Na yi ta nemanki.”

Na tsaya da kofi a hannu, yana ƙona ni ban sani ba. Na san in na ce ba ita ba ce, ko dai ya miƙe ya ba ni haƙuri ya ƙi sha, ko ya tambayi inda take mu koma gidan jiya. Na san kuma in na amsa, na amsa ke nan, babu ranar da zan ce na fasa. Na dubi ƙasusuwan wuyansa. Na ce, “Ga ni.”

Ya shanye kunun tas, ya miƙo kofin a ƙara. Ina zuba masa na biyu sai ya riƙe gefen zanen.

“Inna, fushi kike yi da ni?”

“Fushin me?”

“Tun da kika shigo ba ki kira sunana ba.”

Gaskiyarsa. Gwaggo ba ta iya jimla biyu ba ta sa sunansa a ciki ba. Ni kuwa tun ranar da liman ya raɗa masa shi, bai taɓa bi ta bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai, ko a addu'a, sai dai in ce Allah Ka san wanda nake nufi. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar na mai koyon karatu. Na ce, “Haruna.” Ya ce, “Na'am.” Na ce, “Haruna, sha kununka.” Na fita na zauna a bayan rijiya.

Daga ranar na zama Gwaggo Hajara. Nakan wanke zanen in shanya shi a ɗaki don kada ya gan ni babu shi, na nemo kanumfari na ƙulla a gefensa. Na kafa doka, duk wanda zai shiga sashen nan ya ce mini Gwaggo ko ya tsaya a waje. Hadiza ta gwada sau ɗaya ta fashe da kuka, ta ce, “Mama, ba zan iya kiranki da sunan matacciya ba,” ta daina shiga sai dai ta leƙa ta taga. Alhaji Sani ya aiko a gaya mini ƙarya haramun ce ko ga mahaukaci. Na ce a gaya masa na ji, kuma wanda zai yi mini hisabi Ya ga kwanon da ake fitarwa babu saura. Matan unguwa suka riƙa shigowa da sunan dubiya don su ga tsohuwar da ta zauce. Duk wannan ko a jikina. Abin da ya dame ni daban ne, kuma ban gaya wa kowa ba sai yau. Daɗi nake ji. Ina aske masa kai, ina shafa masa man zafi a gwiwa, ina yanke masa farce, ina zaginsa in ya zubar da miya, ina kiran sunan nan safe da yamma har ya zama ba ya yi mini nauyi. Duk abin da aka hana ni ina yarinya na same shi da furfura, amma a cikin zanen wata. Kowace godiya ya yi, ita ya yi wa.

A watannin nan ne na san rayuwarsa ta can. Abin da ya ci da safe ba ya tunawa, amma wasan da aka yi tun kafin a haifi Maryam yana nan a kansa daram. Ya ba ni labarin ranar da ƙanƙara ke zuba, yatsunsa sun daskare, ya karɓi ƙwallo tun daga ƙarshen fili ya kai ta ɗaya ƙarshen ba wanda ya taɓa shi, dubban mutane suna kiran sunansa a karkace. Ya ba ni labarin azumin da ya yi yana atisaye cikin zafi, abokansa suna kwankwaɗar ruwa, shi yana kurkure baki ya tofar. Ya ce akwai wasan da aka gaya masa ya ci, shi bai san an yi ba, a mota ya farka ya ga ana taya shi murna. Ya ce ciwon kai yakan hana shi kallon fitila, amma bai taɓa gaya wa likitan ƙungiya ba.

Na ce, “Don me, Haruna? Wa ya aike ka?”

Ya ce, “In suka cire ni, karatun ya tafi. In dawo Zariya hannu rabbana? Ke dai na san ko da buhun gawayi na dawo za ki yi guɗa. Amma Malama fa? Malama ba ta son wanda ya faɗi jarrabawa.”

Na ce masa ya juya in shafa ɗaya gwiwar, alhali ita lafiyarta ƙalau.

Da kaka ta shigo jikin ya fara ƙi. Haɗiya ta zama wahala, ruwa ma sai ya sarƙe shi, daga nan tari ya sauka a ƙirji. Nasiru ya kai shi asibiti aka yi kwanaki, likita ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Wata ranar Laraba bayan la'asar, ana jin yara suna tashi daga makarantar allo, ina zaune a bakin gado kansa yana kan cinyata, ina yi masa fifita. Idanunsa a rufe, har na ɗauka ya yi barci. Sai ya buɗe ido, kuma idon a washe yake, irin yadda ban gan shi ba tun da ya dawo.

“Inna, in tambaye ki wani abu?”

“Tambayi, Haruna.”

“Malama. Me na yi mata?”

Maficin ya tsaya a hannuna.

“Ba ka yi mata komai ba.”

“To me ya sa ba ta sona? Ga shi ina kwance, kowa ya zo, ita ba ta leƙo ba.”

Ku da kuke cewa da na faɗa masa gaskiya, ga wurin nan, ku zo ku zauna a inda na zauna. Zanen yana kaina, hannu ɗaya ya isa ya zame shi. Na kai hannun ma, Allah Ya sani. Amma na san abin da zai biyo baya, don na taɓa gani. Zai yunƙura ya ɗauke kansa daga cinyata, ya ba ni haƙuri, ya tambayi Inna, in rasa abin da zan ce. Zai mutu a hannun matar da yake jin nauyi, yana makokin wadda yake so. Ni zan samu abin da nake nema, shi ya biya. Na mayar da hannuna kan goshinsa.

Na ce, “Tana sonka, Haruna. Ni shaida ce. Wallahi ta fi ni sonka, kunya ce kawai irin ta mutanen da.”

Ya yi ɗan murmushi, ya girgiza kai a hankali.

“Ke dai Inna, ba kya so a ga laifin kowa.”

“Na rantse maka fa.”

“To na ji.” Ya lumshe ido, sannan ya ƙara da cewa, “In ta zo, ki tashe ni in gyara zama. Kada ta same ni haka.”

Na ce to.

Bai ƙara magana ba. Washegari kafin azahar Allah Ya karɓi abinsa, kansa yana inda yake, ina yi masa kalmar shahada a kunne da muryar da ya sani. Maza suka shigo suka yi abin da ya kamata, aka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida. Sai da na ji ƙafafun masu makara sun yi nisa a lungu, sannan na zame zanen Gwaggo na ninke shi na mayar cikin adaka. Na koma tsohon ɗakina na ɗaura nawa, na tsallaka tsakar gida, na yi sallama a bakin ƙofarsa, na ɗaga labule na shiga a matsayin wadda ta haife shi. An riga an naɗe katifar.